Babi na Shida: Sunan da ke Ƙofar Gidan Kwanan 'Yan Mata

Jami'ar Cape Town da ke Afirka ta Kudu a jikin dutse take, harabarta kuma hawa-hawa ce. A sama akwai manyan tsangayoyi da babban zauren taro, sun jingina da dutsen da ake kira Devil's Peak. A ƙasa, kusa da babban titi da layin dogo, nan ne da yawa daga gidajen kwanan ɗalibai suke. Cikinsu akwai wani na 'yan mata zalla, irin wanda ake sauke ɗalibai a shekarunsu na farko ana dafa musu abinci a ciki, kuma sunan da ke ƙofarsa shi ne Graça Machel Hall. Ɗaruruwan 'yan mata ke kwana a gidan kowace shekara.

Tambayi mai sauraron rediyo a Kano ko Maraɗi wace ce Graça Machel. In ya san ta, amsarsa ɗaya ce: matar nan da ta auri shugabannin ƙasa biyu, Samora Machel na Mozambik da Nelson Mandela na Afirka ta Kudu. Ba ƙarya ya yi ba. Amma wannan amsa tana ɓata mini rai, domin ta ɗauki aikin shekara hamsin ta ajiye a gefe, ta riƙe ɗaurin aure biyu. Sunan da ke ƙofar gidan nan sunan malamar makaranta ne, kuma ministar ilimi wadda ta buɗe azuzuwa da hannunta, ta zauna tana kallo ana cinna musu wuta, sannan ta tilasta wa duniya ta fara ƙirga yaran da yaƙi ke ci.

Filin da jami'ar take kai Cecil Rhodes ne ya bar shi wasiyya da ya mutu a 1902. Rhodes Bature ne ɗan Ingila, attajirin lu'ulu'u da zinariya, wanda kamfaninsa ya mamaye ƙasashen da aka laƙaba wa sunansa, Rodeshiya, wato Zimbabuwe da Zambiya na yau. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin ba a gama da shi ba a labarin matar nan.

An haife ta ranar 17 ga Oktoba, 1945, a ƙauyen Incadine na lardin Gaza, kudancin Mozambik. Sunanta na gida Graça Simbine, ita ce auta cikin 'ya'ya shida. Ba ta taɓa ganin mahaifinta ba, ya rasu saura 'yan makonni a haife ta. Manomi ne mai zuwa ci-rani ma'adinan Afirka ta Kudu, kamar dubban mazan yankin a wancan zamani, kuma mai wa'azi ne a cocin Methodist. Labarin da ake bayarwa a gidansu shi ne kafin ya cika ya bar wasiyya cewa abin da za a haifa a sa shi makaranta. Uwa da yayye suka riƙe amanar.

Ba ƙaramar wasiyya ba ce a Mozambik ta Turawan Fotugal. Yarjejeniyar da gwamnatin Lisbon ta ƙulla da fadar Paparoma a 1940 ta miƙa karatun 'ya'yan baƙaƙen fata ga mishan na Katolika, kuma karatun na share fage ne kawai: ɗan harshen Fotugal, ɗan addini, sai noma a gonar mishan. Abin da hukuma ke buƙata daga ɗan ƙasa ƙarfinsa ne, a noman auduga na dole ko a aikin tilas da suke kira chibalo. Graça ta bi ta makarantun Methodist, ta samu shiga sakandare a Lourenço Marques, birnin da yau ake kira Maputo, inda ita kaɗai ce baƙar fata a aji mai kimanin mutum arba'in. A 1968 tallafin coci ya kai ta Jami'ar Lisbon, ta karanta Jamusanci. Can ta haɗu da ɗalibai daga Angola da Gini Bisau masu irin damuwarta, 'yan sandan ciki na Fotugal suka sa musu ido, ta sulale ta bar ƙasar. A 1973 ta shiga Frelimo, ƙungiyar ƙwatar 'yancin Mozambik, a Tanzaniya. Ta yi horon soja a sansanin Nachingwea, amma aikin da aka ba ta na alli ne, a makarantar ƙungiyar da ke Bagamoyo.

Mozambik ta samu 'yanci ranar 25 ga Yuni, 1975. Aka naɗa Graça Simbine ministar ilimi da al'adu tana da shekara 29, ita kaɗai ce mace a majalisar ministoci. Aurenta da Samora sai a watan Satumba aka ɗaura shi. Kujerar ta riga auren, kuma ta riƙe ta shekara goma sha huɗu, har bayan rasuwar mijin.

Abin da ta gada abin tsoro ne. Sama da kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar ba su iya karatu da rubutu ba. A jami'a ɗaya tilo da ke ƙasar, baƙaƙen fata 'yan Mozambik kimanin 40 ne kacal. Turawan Fotugal kuwa, waɗanda su ne malamai da akawuna da injiniyoyi, mafi yawansu sun tattara nasu ya nasu sun tafi cikin 'yan watanni. A watan Yulin 1975 gwamnati ta karɓe dukkan makarantu, har da na mishan, ta ce ƙofa a buɗe take ga kowa. Iyaye suka yi tururuwa da 'ya'yansu. Yawan 'yan firamare ya tashi daga kimanin 700,000 zuwa kusan miliyan ɗaya da rabi kafin 1980.

To, wa zai koyar da su? Ranar 8 ga Maris, 1977, Samora ya tara ɗaliban manyan azuzuwan sakandare ya shaida musu cewa ƙasa na buƙatarsu yanzu. Aka dakatar da azuzuwan ƙarshe, aka rarraba ɗaliban, da yawansu aka ba su gajeren horo aka tura su koyarwa. Har yau a Mozambik ana kiran su 'yan 8 ga Maris. Matashin da jiya yake burin zama likita ko injiniya, yau ga shi a ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, inda ko harshen mutanen ba ya ji. Ajinsa inuwar bishiyar kashu ce ko rumfar ciyawa, allonsa katako ne da aka shafa wa baƙi, yara sun zauna a ƙasa sun fi ƙarfin ƙirga da ido, littafi ɗaya yana yawo a hannun mutum biyar. In ya sallami na safe na rana su shigo, da yamma kuma iyayensu su taso daga gona su zauna wurin yaƙi da jahilci. Da irin waɗannan malamai aka sauko da jahilci zuwa kusan kashi 72 cikin ɗari a ƙidayar 1980.

Ba zan ɓoye abin da ya lalace ba, domin yabon da ya ɓoye aibi ba ya daɗewa. An koyar da yara da harshen Fotugal zalla tun daga aji ɗaya, alhali yaron da ya tashi da Makuwa ko Sena ko Changana bai taɓa jin sa a gida ba, don haka faɗuwa jarrabawa da maimaita aji suka yi yawa ƙwarai. Gwamnatin Frelimo ta jam'iyya ɗaya ce mai bin tafarkin gurguzu, ta yi sansanonin gyaran hali inda aka wulaƙanta mutane, ta tilasta wa manoma komawa ƙauyukan haɗaka, ta raina sarakunan gargajiya, a 1983 kuma ta kwashi waɗanda ta kira marasa aikin yi daga birane ta zubar da su a lardin Niassa. Graça minista ce a wannan gwamnati, tana da kasonta na alhaki. Fushin da waɗannan manufofi suka haifar a karkara ya taimaka wa abokan gaba ƙwarai.

Abokan gabar kuwa daga waje aka ƙera su. A watan Maris na 1976 Mozambik ta rufe iyakarta da Rodeshiya don mara wa masu ƙwatar 'yancin Zimbabuwe baya. Hukumar leƙen asirin gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya ta mayar da martani da kafa ƙungiyar tawaye, wadda aka sani da Renamo. Da Zimbabuwe ta samu 'yanci a 1980, sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka karɓi renon ƙungiyar, suka ci gaba da ba ta makamai ko bayan yarjejeniyar Nkomati ta 1984 da suka sa wa hannu cewa za su daina.

Renamo ta san inda take duka. A ƙauye, gwamnati ba ta da wata fuska sai makaranta da ɗakin shan magani, saboda haka su ake fara ƙonewa. Malami shi ne na farko da ake nema. Wasu an kashe su a gaban ɗalibansu, wasu an yanke musu kunne ko leɓe an sake su don kowa ya gani. Kimanin rabin makarantun firamare na ƙasar aka rusa ko aka rufe kafin yaƙin ya ƙare. Yaran da suka fito daga waɗannan azuzuwa aka kwashe su zuwa daji, mazan aka ɗora musu kaya da bindiga, matan aka raba wa mayaƙa. An sha tilasta wa yaro ya kashe wani nasa, don ya san ba shi da gidan komawa. Ɓangaren gwamnati ma bai tsira daga ɗaukar ƙananan yara ba. A garin Homoíne kaɗai, a watan Yulin 1987, an kashe sama da mutum 400 a rana ɗaya, har da marasa lafiya a gadon asibiti. Kafin a sa hannu kan sulhu a birnin Rum ranar 4 ga Oktoba, 1992, kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu.

Ana tsakiyar wannan, ranar 19 ga Oktoba, 1986, jirgin da ke dawo da Samora daga taro a Zambiya ya faɗi a tsaunin Mbuzini, cikin ƙasar Afirka ta Kudu, mutum 35 suka rasu har da shi. Kwamitin binciken da gwamnatin wariya ta kafa ya ɗora laifi a kan matuƙan jirgin. Tarayyar Sobiyet, wadda ta ƙera jirgin kuma matuƙan 'yan ƙasarta ne, ta ce an yaudari jirgin ne da na'urar nuna hanya ta ƙarya. Graça ba ta taɓa yarda cewa haɗari ne ba, ta kuma ba da shaida gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Afirka ta Kudu a 1998. Ta yi shekaru cikin baƙaƙen kaya. A 1989 ta ajiye kujerar minista.

Da wata matar ce, da nan labarinta zai tsaya. A 1994 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Boutros Boutros-Ghali, ya naɗa ta ta jagoranci bincike kan abin da yaƙi ke yi wa yara. Shekara biyu ta yi ana wannan aiki, ita da tawagarta suka taka Angola, Ruwanda, Saliyo, Kambodiya, Kolombiya, Labanan, Ireland ta Arewa da tsohuwar Yugoslabiya, suka zauna da yara, da iyaye, da hafsoshin soja, da malaman addini. Rahoton ya fito a 1996, kuma har yau da sunanta ake kiran sa. Ya ƙiyasta cewa a shekaru goman da suka gabata yaƙe-yaƙe sun kashe yara miliyan biyu, waɗanda aka jikkata ko aka naƙasa kuma sun ninka hakan sau uku. Ya nuna yadda ƙananan bindigogi masu arha da rashin nauyi, irin su AK-47, suka sa ɗan shekara goma ya zama mayaƙi. Ya yi maganar fyaɗe a fili a matsayin makamin yaƙi, ya yi maganar nakiyoyin da ake binnewa a hanyar gona da ta rafi, ya kuma nemi a hana ɗaukar duk wanda bai kai shekara 18 ba aikin soja.

A abubuwa biyu na rahoton nake ganin hannun tsohuwar ministar ilimi ƙarara. Na farko, a da masu agaji sun ɗauka cewa a lokacin yaƙi abinci da magani da tanti su ne gaggawa, makaranta kuwa ta jira zaman lafiya. Rahoton ya ce a'a, karatu ma agajin gaggawa ne, domin yaƙi kan yi shekara goma sha biyar, ƙuruciya kuma ba ta jira. Yaron da ke da aji da malami da lokacin tashi da safe, hankalinsa na kwanciya, kuma ya fi wuyar ruɗuwa ya bi masu bindiga.

Na biyu ya shafi yadda ake warkar da yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Rahoton ya ja kunnen ƙwararrun waje da su daina ɗauka cewa hanyarsu ce kaɗai hanya, su nemi abin da al'umma ke da shi. Mozambik ce ta koyar da wannan darasi. Masaniyar al'adu Alcinda Honwana, 'yar ƙasar, ta rubuta yadda wasu ƙauyukan kudu suka karɓi 'ya'yansu da suka dawo daga daji. Ba a barin yaron ya cuɗanya da jama'a tukuna. Dangi kan taru, a gina 'yar bukkar ciyawa, ya shiga da tsummokaran da ya dawo da su daga sansani, ya tuɓe su a ciki, a cinna wa bukkar wuta, wani babba daga danginsa ya fito da shi. Kayan yaƙi su ƙone tare da bukkar. A yi yanka, a yi masa wanka da saiwoyi da ganye, daga nan ya ci abinci da kowa, kuma ba a sake tono masa abin da ya wuce. Wannan al'adarsu ce bisa nasu imani, ba tamu ba. Amma hikimar da ke ciki ta kowa ce: dole al'umma ta samu hanyar da za ta shaida wa yaro a bainar jama'a cewa an karɓe shi, in ba haka ba ya zauna bare a gidan ubansa, ko ya koma inda ya fito.

Rahoton bai kwanta a kanta ba. A 1997 aka naɗa Olara Otunnu, ɗan Yuganda, wakili na musamman na farko kan yara da yaƙi. A 1999 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙudurinsa na farko kan lamarin, mai lamba 1261. A 2000 aka amince da ƙarin yarjejeniyar da ta hana tura 'yan ƙasa da shekara 18 fagen daga, ta fara aiki ranar 12 ga Fabrairu, 2002. A 2005 ƙuduri mai lamba 1612 ya kafa tsarin sa ido kan manyan laifuka shida: kisa da naƙasa yara, ɗaukar su aikin soja, fyaɗe, sace su, hana agaji isa gare su, da kai hari kan makarantu da asibitoci. Duk shekara Sakatare Janar na fitar da jerin sunayen rundunoni da ƙungiyoyin da suka aikata. Mutum na farko da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta samu da laifi, Thomas Lubanga na Kwango, a kan sa yara yaƙi aka ɗaure shi shekara 14 a 2012. Na san takarda ba ta tare harsashi, kuma manyan ƙasashe sun sha matsa lamba a cire sunan abokansu daga jerin. Duk da haka, kafin 1996 babu ma littafin da ake rubuta laifin a ciki.

Ta auri Mandela ranar 18 ga Yuli, 1998, ranar da ya cika shekara 80. Shekara guda bayan nan Jami'ar Cape Town ta zaɓe ta uwar jami'a, kujerar da ta riƙe daga 1999 zuwa 2019. Mutum huɗu ne suka riga ta: Yariman Ingila wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, Janar Jan Smuts, alƙalin alƙalai Albert Centlivres, da attajirin ma'adinai Harry Oppenheimer. Ita ce mace ta farko, kuma baƙar fata ta farko. A lokacin ma shugabar jami'ar, Dakta Mamphela Ramphele, baƙar fata ce.

Sai an san tarihin wurin ake gane nauyin wannan. Makarantar ta faro tun 1829, ta zama cikakkiyar jami'a a 1918. Dokar 1959 ta hana baƙar fata shiga irin waɗannan jami'o'i sai da izinin minista, kuma tsirarun da suka samu shiga ba su da damar kwana a gidajen ɗalibai, domin unguwar ta fararen fata ce a doka. Sai a shekarun 1980 wannan ya fara sauyawa. A 1968 jami'ar ta ɗauki masani Archie Mafeje aikin koyarwa, gwamnati ta murtuke fuska, jami'ar ta janye takardar, ɗaruruwan ɗalibai suka yi zaman dirshan na kwana tara amma a banza. A wannan jami'a ce 'yar ƙauyen Incadine ta riƙa yaye ɗalibai a babban zauren da ke ɗauke da sunan Leander Starr Jameson, na hannun daman Rhodes, wanda ya jagoranci wani farmaki da makamai a ƙarshen 1895. Ƙasa da matakalar zauren kuma mutum-mutumin Rhodes ne a zaune a lokacin. Ƙasar da ke ɗauke da sunan mutumin ce ta ƙirƙiri rundunar da ta ƙone makarantun Graça, ga shi kuma a jami'ar da ke kan filinsa aka gina gida aka rubuta sunanta.

Ɗalibai ba su tsaya ga sabon suna ɗaya ba. A watan Maris na 2015 suka tayar da gangamin neman a kawar da Rhodes, ranar 9 ga Afrilu aka ɗaure mutum-mutumin da igiyoyi, ƙugiya ta ɗaga shi aka fita da shi dubban mutane na kallo. A ƙarshen 2018 aka sauya wa zauren Jameson suna zuwa Sarah Baartman, matar ƙabilar Khoi da aka kai Turai a 1810 ana nuna jikinta ana karɓar kuɗi, ta mutu a Paris a 1815, ba a dawo da gawarta gida ba sai 2002. A 2021 aka cire sunan Smuts daga gidan kwanan da ke ɗauke da shi. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma ɗaliban nan sun ƙi a ci gaba da jan su da na waɗanda suka mallake kakanninsu.

A ƙa'ida ba na son a sa wa gini sunan mai rai, balle wanda ke kan kujera, kuma gidan Graça an buɗe shi ne tana uwar jami'a. Mun ga yadda abin ke zama a wajenmu: ana yanka kirtani, sunan mai mulki ko na mai ɗakinsa na hawa bango, gwamnati na sauyawa a kankare shi. Sunayen da suka zauna daram, kamar na Sarauniya Amina a gidan 'yan mata na Jami'ar Ahmadu Bello ko na Nana Asma'u a Jami'ar Bayero, na waɗanda tarihi ya riga ya gama auna su ne. Amma ma'aunin da nake amfani da shi shi ne wannan: in an cire muƙami, an cire miji, me ya rage? A wajen Graça Machel abin da ya rage ya ishi gini goma. Bayan duk abin da na lissafa, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar dattawan duniya tare da Mandela da Desmond Tutu a 2007, wadda ta haifar da gangamin yaƙi da aurar da ƙananan yara a 2011. Ƙasarta, inda kusan rabin 'yan mata ke aure kafin shekara 18, ta haramta hakan a 2019.

Sai dai abin da ya fi suna muhimmanci a gidan nan shi ne gadon da ke ciki. Yarinyar da ta ci jarrabawa daga wani ƙauye a lardin Limpopo ko Gabashin Cape, ko ma daga Khayelitsha da ke bayan gari, takardar shiga jami'a ba ta amfane ta da komai ba in ba ta da wurin kwana. Haya a unguwannin da ke kewaye da jami'ar ta fi ƙarfin gidansu, zirga-zirga daga nesa kuma na cin kuɗi da lokacin karatu, ga hatsarin hanya da dare ga 'ya mace. A watan Fabrairun 2016 ɗalibai suka kafa rumfar kwano da katako, irin ta unguwannin talakawa, a tsakiyar harabar sama, don nuna cewa wasunsu sun zo karatu ba su da makwanci. Gadajen jami'ar a lokacin ba su kai 7,000 ba, ɗalibai kuwa kimanin 27,000 ne. Rikicin ya ƙazanta, aka ƙone zane-zane da motar ɗalibai, abin da ban goyi baya ba ko kaɗan. Amma kukan na gaskiya ne. Sauya suna zama ɗaya na majalisar jami'a ya isa. Ƙara gado kuwa sai da kuɗi da shekaru.

A nan ne labarin ya iso ƙofarmu. Mandela ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2013, Graça ta shiga takaba ta janye daga idon jama'a. Abin da ya sa ta buɗe baki kafin lokaci shi ne Chibok: daren 14 ga Afrilu, 2014, aka kwashe 'yan mata 276 daga ɗakin kwanansu, sun zo rubuta jarrabawar fita sakandare. Ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa tana kira ga gwamnatin Najeriya da duniya da kada a bar su. Ta gane abin da take gani, domin ta taɓa ganin sa. Watanni biyu kafin nan an kashe gomman yara maza a ɗakunan kwanansu a Buni Yadi. Sai Dapchi a Fabrairun 2018, 'yan mata 110. Ƙanƙara a Disambar 2020, yara maza sama da 300. Jangebe a Fabrairun 2021, 'yan mata 279. A ƙasarta ma, tun 2017 'yan bindiga ke rufe makarantu a lardin Cabo Delgado.

Tsarin da rahotonta ya haifar ya taɓa Maiduguri kai tsaye. An sa Boko Haram a jerin masu laifi a 2014, daga baya aka sa 'yan kato-da-gora saboda akwai yara a cikinsu. Su sun sa hannu kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, suka sallami yara sama da 800 a Oktoban 2018 da kusan 900 a Mayun 2019, aka cire sunansu a 2021. Yara ne na gaske, 'ya'yan Barno, da suka ajiye gora.

Amma bayan kowane hari, matakin farko da hukumomi ke ɗauka shi ne rufe makarantun kwana, kuma 'yar ƙauye ce ke fara biyan kuɗin, domin ita makarantar kwana ce kaɗai sakandarenta. In an sallame ta gida, sau da yawa ba ta komawa. Najeriya ta amince da Sanarwar Kare Makarantu ta Oslo tun 2015, ta kuma karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a Oktoban 2021. Alƙawarin yana nan a rubuce. Mai karatu, in akwai makarantar kwana ta 'yan mata a ƙaramar hukumarku, je ka duba da idonka: akwai katanga, akwai masu gadi, akwai haske da dare, akwai hanyar kiran taimako? In an rufe ta, ku haɗu da iyayen yara ku je wurin ɗan majalisarku da kwamishinan ilimi, ku nemi a faɗa muku ranar da za a buɗe ta.